Ƙunshin da Na Yi wa Mamaci

Ku gyara zama, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Akwai abin da ko an sa ni a kabari ba na jin zan manta shi, shi ne shekara biyun da na yi ina ƙunshi alhali mijina yana ƙarƙashin ruwa.

Lokacin yaƙin basasa ne, ina da ɗa ɗaya a goye, muna zaune a Kwandiko. Ana gama yankan gero maigidana ya shiga soja. Har yau ina ganin ƙeyarsa da ya sha kwanar rumbu, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Da fari wasiƙa na zuwa, malamin makaranta ya karanta mana. Daga baya shiru.

Rediyo ɗaya ce a garin, ta ƙofar gidan dagaci. Bayan la'asar maza su kewaye ta, mu mata mu laɓe a bayan danga. Kullum zancen ɗaya: dakarunmu sun ci gari kaza, abokan gaba sun faɗi ba adadi. Namu kuwa ko tuntuɓe ba sa yi. Wata rana surukata ta ce, "Ikon Allah! Harsashin can bai san hanyar 'ya'yanmu ba ke nan?" Muka yi dariya, don dariyar ta fi mana sauƙi.

Sai ga wani soja ɗan Fagam ya dawo da ƙafa ɗaya. A kasuwar Gwaram ya faɗa cewa jirginsu ya nutse suna ƙetare wani babban kogi, kuma mijina na ciki. Na tafi wurin liman in ji ko zan shiga takaba. Ya ce bakin mutum ɗaya bai isa shaida ba. Dagaci kuma ya ce, "Rediyo ta ce an ƙetare lafiya. Kada wanda ya kawo mana zancen kasuwa."

Tun daga nan Inna, surukar tawa, ta ɗauki wani hali. Duk Juma'a sai ta kwaɓa lalle da kanta, ta kama hannuna da ƙafata ta ƙunsa, ta miƙo mini kwalli. "Matar mai rai ce ke," in ji ta. "Ranar da kika bar ado, ke kika kashe shi." Ni kuwa in na ji kukan mota a hanya, sai in fito da hannu ja jawur ina leƙe.

Damina biyu ta wuce. Da babbar salla na ji ɗan kawuna, wanda ke aikin jarida a Kaduna, ya zo gida Birnin Kudu. Na bi motar gyaɗa na same shi a zaure. Yana ganina ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Yaya, kai ka sani."

Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce takardar sunaye ta zo musu tun a makon da jirgin ya nutse, ya ga sunan da idonsa, har da garinmu a gefe.

"Wa ya hana ku faɗa?"

"Wallahi ba wanda ya buɗe baki ya hana. Mu da kanmu muka san abin da ba a so a ji, muka tura takardar aljihun tebur. Ana tsoron kada gwiwar mutane ta yi sanyi."

Na ce ya zo ya faɗa gaban liman. Ya ce aikinsa fa? Sai na buɗe tafin hannuna a gaban fuskarsa. Na ce, "Dubi wannan. Wa nake yi wa?"

Ya zo, Allah ya saka masa. Shi da ɗan Fagam suka ba da shaida. Liman ya ƙirga watanni da yatsunsa, ya dube ni da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, takaba daga ranar rasuwa take farawa. Taki ta wuce tuntuni."

Wannan ita ce maganar da ta karya ni. Wata huɗu da kwana goma da Allah ya ba mace ta zauna ta yi kewar mijinta, na cinye su ina rangaɗa kwalli. Aka yi sadaka, aka watse rana ɗaya.

Inna ba ta ƙara taɓa lalle ba, ba ta kuma ga kakar baɗi ba. Ɗan Fagam ya koma ɗinkin takalma har tsufansa. Yayana ya bar jarida ya kama noma, bai taɓa iya haɗa ido da ni ba har ya rasu. Ɗan goyen nan shi ne babanku. Ni na sake aure, na ga alheri, amma har gobe in na ji ƙamshin lalle sai in juya baya.

Abin da na koya ke nan: wanda ya ɓoye maka mutuwar naka don kada ka yi kuka, bai rage maka kukan ba, lokacinsa kawai ya ƙwace maka.