Kaltume Mai Banda a Gaɓar Chesapeake

Duk wanda ya saba bin layin gidan Dokta Mudathir a Mitchellville ya san tsohuwar da ke zama a bakin tagar bene, lulluɓe da lafaya, tana kallon titin da ba mai bi da ƙafa. Hajiya Kaltume ke nan, mahaifiyar likitan. An haife ta a wani ƙauyen masunta na bakin Tafkin Chadi, daidai inda kogi yake rarrabuwa cikin fadama kafin ya faɗa tafki. A can ta yi aure, a can aka binne mata miji da 'ya'ya uku, a can kuma ta sami sunan da har yau take ji da shi: Kaltume mai banda.

Sana'arta ce tun tana budurwa. Masunta su sauke tarwaɗa da bargi da sassafe, ta feɗe, ta yanka gunduwa-gunduwa, ta jera a kan waya, ta hura wutar da ke ba da hayaƙi ba tare da harshe ba, ta yini tana juyawa. Fataken kudu sukan wuce rumfuna da yawa su tsaya a tata. Hayaƙin nan ne ya yi karatun Mudathir, ɗanta tilo da ya rayu, har ya zama likitan ƙoda a ƙasar da sai a rediyo take jin sunanta. Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka watsa ƙauyen, daga ita sai zanen jikinta ta fita. Ta zauna a sansanin gudun hijira a Maiduguri, ta zauna a gidan dangi, Mudathir yana ta fama da takardu har Allah Ya sa ya ɗauko ta.

Ba abin da ta rasa a gidan ɗanta. Surukarta mutumiyar kirki ce, sai dai aiki ya cinye ta. Jikarta Zahra tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa. A bazarar farko, da kaɗaici ya ishi tsohuwar, ta jera duwatsu a bayan gida, ta zaro wayar tanda daga ɗakin girki, ta tattaro busassun ƙirare, ta ɗora kifi. Hayaƙi bai gama tashi yadda take so ba sai ga jibgegiyar jar mota da jiniya. Maƙwabta ne suka kira 'yan kwana-kwana. Mudathir ya baro marasa lafiya ya zo ya yi ta ba da haƙuri. Bai yi mata faɗa ba. Durƙusawa ya yi a gabanta ya ce, “Inna, a nan ba a yin haka.” Tun daga ranar ba ta sake taɓa ɗanyen kifi ba.

Abu ɗaya take roƙonsa, ya mayar da ita gida. Ta ji labarin mutane sun fara komawa bakin tafki.

“Inna, wa za ki tarar?” in ji shi.

“Ƙasa zan tarar. Ubanka yana cikinta.”

Sai ya sunkuyar da kai ya kawo zancen hawan jininta da maganin da ba a samu a can. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba ta daina roƙo ba, bai taɓa cewa a'a da baki ba, bai kuma taɓa sayen tikiti ba.

Akwai wani direba, Oumarou, Bafulatanin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar, mai doguwar mota da yake jigilar mutane filin jirgi. Shi ne ya lura cewa unguwannin nan cike suke da iyaye mata waɗanda aka kawo zaman jego ko jinya, suna kulle a manyan gidaje ba mai kai su ko'ina. Saboda haka in lokacin ɗumi ya zo, yakan ware Asabar ya kwashe su yawon buɗe ido na yini guda: ya ƙetare da su babbar gadar Chesapeake, ya kai su inda koguna ke watsuwa cikin ciyayi, su ga kasuwar kifi da ƙauyukan masunta, yana yi musu bayani da Hausa. Mudathir ne ya nemar wa mahaifiyarsa gurbi, yana ganin in ta ga ruwa ranta zai yi sanyi. Ita kuwa ta amince ne don wani dalili dabam. Ta ji an ce Oumarou ya san mai haɗa wa mutane tafiya gida ba sai ta hannun 'ya'yansu ba.

Ranar su biyu ne kawai a motar, ita da Hajiya Rabi, Bakanuwa da ta zo jegon 'yarta, wadda za ta koma kafin sanyi. Oumarou yana ganin zanen Barebari a fuskar Kaltume ya tafa hannu.

“Allahu akbar! Yau baiwata na ɗauko. Hajiya, kin tahi kin bar mini shanu da yunwa, ashe nan kika ɓuya?”

“Rufe mini baki, bawana,” in ji ta. “Wa ya ba Bafulatani mota? Da sanda ka san ta?”

“Da sanda nike kora ta, ki riƙe kujera da kyau.”

Ta yi dariya har ta kama haƙarƙari, dariyar da ita kanta ta manta tana da irinta. Da suka hau gadar, ruwa ya buɗe hagu da dama ba iyaka, Rabi ta runtse ido tana salati. Kaltume ta matso bayan kujerar direba ta rage murya.

“Oumarou, ba wasa ba yanzu. An ce ka san mai tikiti. Ina da awarwaro na zinariya. Ina so in koma gida, ba na son ɗana ya sani sai na sauka.”

Ya amsa, idonsa a kan hanya.

“Hajiya, lokotoro ɗanki mutumina ne, shi ya duba matata. Amma ke uwa ce, ba ni iya ce miki a'a. Ki bari mu gama yinin nan. In mun juyo kika sake hwaɗi, wallahi ni da kaina zan kai ki wurin mutumin.”

Kasuwar ba ta kai rabin wadda ta sani ba: 'yan rumfuna a bakin gaɓa, tebura cike da ƙanƙara, kwanduna cike da ƙaguwa masu shuɗin ƙafa suna hawa kan juna. Rabi ta toshe hanci da gyale tana tambaya ko da gaske mutane ke cin waɗannan ƙwari. Kaltume ba ta ji ta ba. Ƙarnin ne ya fara tarar ta, ta tsaya cak ta cika ƙirji da shi. A teburin ƙarshe ta ga tarwaɗa, manya, masu ruwan toka. Kafin ta ankara babban yatsanta ya ɗaga marfin kunnen ɗaya, ta duba jansa, ta danna cikin ta ga ya dawo. Mai kifin ya yi magana yana murmushi, Oumarou ya fassara: wai wannan kifi ba ɗan nan ba ne, kawo shi aka yi, ya hayayyafa ya addabi na gida, hukuma ma so take a kame shi.

“Ka ce masa kifin kirki ne,” in ji ta. “Ba a san yadda ake yi da shi ba ne.”

Daga nan suka shiga wani ƙaramin jirgi mai inji, ya bi da su ta mashigai ƙanana tsakanin ciyayi masu tsayin mutum. Komai ya yi kama da gida: balbelu, warin laka, yadda hanya ke rabuwa biyu ta sake haɗuwa. Ta sa hannu a ruwa ta kai baki, ta tofar. Gishiri. Can gaba ta ga daji guda na itatuwa a tsaye, farare fat, ba ganye ko ɗaya. Oumarou ya ce ruwan teku ne yake hawowa shekara bayan shekara, ya shiga saiwarsu ya kashe su a tsaye.

Ƙauyen da suka sauka gidajen katako ne a jere, yawancinsu an toshe tagoginsu da allo. A wata rumfar kwano suka tarar da Constance, tsohuwa baƙar fata, tana ɓare ƙaguwa da 'yar wuƙa, tana zuba tsokar a roba ba tare da ta duba ba. Oumarou ya saba kawo mata baƙi. Kaltume ta gaishe ta da Hausa, ta gwada Barbarci, har da ɗan Larabcin Shuwa, matar tana ta dariya. Oumarou ya ce wa Kaltume kakannin kakannin Constance a ƙauyen nan aka haife su. Sannan ta kama hannun matar ta juya shi, ta ajiye nata a gefe. Yatsun duka biyu sun kakkarkace, tabon ƙaya da na wuƙa ya hau kan tabo. Ba wanda ya nemi fassara. Constance ta jawo mata kujera.

Rabi ta koma mota neman iska, su kuwa suka zauna, Oumarou a tsakani. Constance ta ce 'ya'yanta suna Baltimore, kullum suna roƙonta ta koma wurinsu, ta ƙi. Mijinta Bartholomew yana kwance a bayan coci, ba za ta bar shi ba.

“Ka ce mata ta yi daidai,” in ji Kaltume da sauri. “Ka ce mata ni ma haka nake faɗa wa nawa.”

Constance ta saurara, ta girgiza kai, ta goge hannu, ta yi musu alama su biyo ta. Bayan cocin fili ne da ruwa ya kwanta a kai har idon sawu. Kaburburan an rufe su da manyan falalen siminti don kada ruwa ya ɗago su, wasu sun karkace, ciyawar fadama ta tsiro a tsakani. Constance ta nuna ɗaya daga nesa, don ba a iya isa sai ruwa ya janye. Ta yi magana mai tsawo, muryarta ba hawa ba sauka. Oumarou ya yi jinkiri kafin ya juya ta.

“Ta ce ita ba ta bar gari ba, garin ne ya bar ta. Lakkol, makarantar yara, ta rufe, kanti ya rufe. Cocin da ke cika, yanzu in sun taru ba su cika benci biyu. Ta ce da tana zuwa ta ba mijinta labarin mutane, yanzu ba labarin da za ta kai masa.”

Kaltume ta dubi ruwan. Tambayar da ta fito mata ita ce wadda kowace mace sa'arta za ta yi.

“Tambaye ta, in ta mutu wa zai wanke ta?”

Constance ta yi 'yar dariya. Ta ce waɗanda suka yi alkawarin shirya juna duk ta riga ta raka su. Wasu mutane ne za su zo da mota daga birni, ba su san ko sunanta ba.

A nan ne Kaltume ta dafa katangar cocin. Su ma sun yi irin alkawarin, su huɗu masu banda a layi ɗaya: duk wadda ta riga, sauran su wanke ta, kada a bar ta a hannun baƙi. Falmata ta rasu a sansani, Kaltume ce ta zuba mata ruwa. Bintu ta ƙetara Diffa, labarin rasuwarta ya zo ta waya. Ita kuwa Ya Gana, tun ranar gudu ba wanda ya sake ganin ta. Duk wannan ta san shi tuntuni, amma ɗaya-ɗaya ta san shi. Ba ta taɓa yarda ta jera su wuri guda ba. Mudathir ya sha tambayar ta wa za ta tarar, tana ɗaukar maganar ta yaro mai son riƙe uwarsa. Yau ga mace mai hannu irin nata, wadda ta yi abin da ita Kaltume take son yi, tana tsaye a gaban kabarin da ba ta iya isa gare shi.

Da za su rabu Constance ta rungume ta, ƙarnin ƙaguwa ya kama lafayar. Kaltume ta yi mata addu'a doguwa, ta hana Oumarou fassarawa.

A hanyar dawowa Oumarou bai yi mata wasa ba. Suka yi la'asar a gefen wani gidan mai, suka sake hawa gada, suka sauke Rabi a ƙofar gidan 'yarta. Da ya rage su biyu, ya kashe mota ya juyo.

“To, Hajiya. Na yi miki alkawari. Ina saurare.”

Ta gyara lafaya a kanta.

“Mutanenmu da suke mutuwa a nan, ina ake kai su?”

Ya dube ta, ya tayar da mota. Wurin ba shi da nisa sosai, wani sashe ne da Musulmi suka saya a cikin babbar maƙabarta, wajen Laurel. Rana ta yi ja sa'ad da suka isa. Ta fito ta tsaya a bakin shinge, don a inda ta taso mace ba ta shiga tsakanin kaburbura.

“Shiga ka duba mini. Tudu ne ko kwari?”

Ya shiga ya zaga ya dawo. “Tudu ne, Hajiya. Ruwa ba ya kwanciya.”

“Wa ke wanke mata?”

“Akwai matan masallaci. Matata Ramatou tana cikinsu.”

“Ta iya?”

“Uwarta ta koya mata a Ƙwanni.”

Ta gyaɗa kai. “Akwai namu a ciki?”

Ya ce yawanci mutanen Pakistan ne da Somaliya da Habasha. Sai ya nuna wata kusurwa kusa da itace, ya ce can Zakariya'u yake, ɗan Maraɗi, direban tasi, shi da hannunsa ya saka shi a kabari bara waccan.

“Bahaushe?”

“Bahaushe ne.”

Ta ɗaga hannu ta yi wa mutanen wurin sallama da addu'a, ta shafa. Ta daɗe tana kallon kusurwar.

“Ka turo mini Ramatou ranar Juma'a, ina so in san ta,” in ji ta. “Kuma kada ka faɗa wa Mudathir mun zo nan. Ni zan faɗa masa, in na ga ya ci abinci.”

Oumarou ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe ta har ta zauna, sannan ya zagaya ya shiga.