Kabarin da Taswira Ba Ta Nuna Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Garwa, ni da Baba da wata tsohuwar taswira da ya naɗe a cikin zanen Inna kamar jariri. Tun yana saurayi, shi da ƙanensa suka yi wa Turawan awon ƙasa dakon kaya a duwatsun bayan Mora. Can zazzaɓi ya kashe ƙanen, aka binne shi a gurguje, ayari ya wuce. Yanzu idon Baba ya fara dushewa, ya ce sai ya ga kabarin kafin ya daina gani.

Hanyar Marwa kuwa, kai jama'a! Rami na sallama da rami. Jandarmomi, jami'an tsaron hanya, suka tare mu, ɗaya ya buɗe taswirar a juye yana ta gyaɗa kai. Na danne dariyata da ƙyar. A Mora muka sha fura mai tsami, muka hau babur zuwa kwarin da taswirar ta nuna.

Babu komai sai duwatsu da ƙaya. Rijiyar da aka zana a taswirar ta ƙafe. Ƙarfen awon da Baba ya ce suna kafawa a kan tudu, maƙeri ya daɗe da mai da shi fartanya. Muka yi ta zagaye har la'asar. Baba ya gaji, ya zauna a kan dutse.

Wata tsohuwa Kirista, mutuniyar dutsen, ta sauko da tulu. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Baba, me kuka ɓatar?"

Da na faɗa mata, sai ta ajiye tulun ta yi gaba, muka bi ta har gonarta a kan dutsen. Mutanen nan ba sa barin ko taku ɗaya na ƙasa ba shuka, har tsakanin duwatsu dawa ce. Amma a tsakiyar gonarta ga wani ɗan fili an kewaye shi da duwatsu, an share tas.

"Babana ya ce baƙo ne kwance a nan, kada fartanya ta taɓa shi. Sunansa ne kawai ba mu sani ba."

Baba ya durƙusa yana shafa ƙasar, hawaye na bin gemunsa. "Sule," ya ce. "Sunansa Sule."

Ta maimaita sau biyu don kada ta manta.

Washegari muka dawo Garwa lafiya. Da za mu je, ina tausayin baffana, wai yana kwance inda ba shi da kowa. Ashe duk shekarun nan yana da dangi, mu ne ba mu san su ba.