Awon Rigar Hellen

A duk Kafanchan ba a taɓa yin mai gaskiya kamar Afiniki tela ba. Haka mutane ke faɗa, ita ma haka take faɗa. Shekara ashirin tana ɗinki a rumfarta kusa da tashar jirgin ƙasa, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, in ban da "dawo gobe", wanda teloli ba sa lissafa shi cikin zunubi.

A watan Oktoba na 1991 Malam Wilfred, hedimastan firamare kuma dattijon ikkilisiya, ya kawo mata shuɗin yadi. Rigar Kirsimeti za ta ɗinka wa 'yarsa Hellen, mai shekara goma sha tara. Sai dai a gida za a yi awo. An sallamo Hellen daga asibiti a Jos da ciwon daji a ƙashin cinya, da ƙunshin maganin rage zafi, da shawarar a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Sauran bayanin uban kaɗai likita ya yi wa. Shi kuma ya kafa doka a gidansa: yarinya tana samun sauƙi.

Kowa ya bi doka. Matan Zumunta na coci in sun zo dubiya sun gama addu'a sai su ce ta yi ƙiba.

Afiniki ta auna, ta ɗinka, ta kawo gwaji. Rigar ta yi yawa. Ta rage. Bayan mako biyu ta sake yin yawa. A gwaji na uku, tana zagaya mata tef a ƙugu, Hellen ta riƙe hannunta.

"Anti, inci nawa yau?"

"Bar motsi, sarkin tambaya."

"Kin sa babban yatsa kin rufe lambar. Na gan ki." Ta dakata har zafin ya wuce. "Ina so a kai ni Kwoi wurin Kaka. Baba ya ce sai bayan Kirsimeti, in na yi ƙarfi. In zan kai, zan jira. In ba zan kai ba, gara yanzu da zan iya jure hanya. Ke dai gaya mini."

Malam Wilfred yana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa da ƙwaya biyu a tafin hannu. Ba wanda ya san tun yaushe. Ya dubi Afiniki irin duban da ya yi shekara talatin yana yi wa 'yan aji, har ita kanta tana cikinsu.

"Afiniki, awo aka kira ki. Ki ce mata rigar za ta yi."

Afiniki ta dubi allurar da ke maƙale a zanenta. Ta naɗe tef ɗin a yatsa, ta warware, ta sake naɗewa.

"Malam," ta ce, "sau biyu na rage rigar nan. Wannan na uku. Ba ni da sauran inda zan rage. In ana so ta sa ta, ta sa ta ran Lahadin nan, a gaban Kakarta."

Ruwan kofin ya ɗan zuba a kan takalmin Malam, bai duba ba. Hellen ta saki hannun Afiniki, ta ce, "To, na gode, Anti," kamar wadda aka gaya wa lokacin tashin jirgi.

Malam Wilfred ya ba 'yarsa maganin, ya gyara mata matashi, ya fita bai yi wa Afiniki sallama ba. Ranar Asabar ya ɗauki shatar mota, aka shimfiɗa katifa a baya, ya ce direba ya bi a hankali.

Kwana goma sha tara Hellen ta yi a Kwoi, a ɗakin Kakarta, ƙofa a buɗe tana kallon cittar da aka shanya a tsakar gida. Ta rasu saura mako biyu Kirsimeti.

Rigar kuwa, ranar da motar za ta tashi aka aika a karɓo ta. Afiniki ta ce a dawo gobe. A watan Fabrairu ta gama ta.