Ginin da Kawu Ya Zuba wa Siminti

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya fi shekara hamsin a Lyon, a ɗaki guda cikin gidan tsofaffin leburori da ake kira fuwaye. Ni kuwa ina Aubervilliers, ina aiki a siton 'yan sarin tufafi. Sau biyu a shekara nakan hau jirgin ƙasa in je in gan shi.

A wani zuwa da na yi lokacin zafi, na tarar tarinsa ya yi ƙarfi. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Ɗiyata, ki kai ni in ga tarampila."

Ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. Wani gini ne can cikin duwatsu, inda Turawa ke ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su sulalo kan dusar ƙanƙara daga sama, su tashi cikin iska. Da ya zo ƙasar nan yana saurayi, can ya fara aiki.

Na ari motar wata ƙawata. Tafiyar awa biyu ce, hanyar sai hawa take tana lanƙwasa.

Tun daga nesa muka hango shi, wata doguwar hasumiya ta siminti, toka-toka, ba ado ko kaɗan. Daga ƙolinta wata siririyar hanya ta gangaro, a miƙe da farko, sannan ta lanƙwashe a hankali, ta ƙare a wani baki da ke rataye a sarari, ba komai a ƙarƙashinsa sai gangaren dutse. A gefe ga ɗakin alƙalan wasa da 'yan ƙananan tagoginsa. Yanzu ba mai tsalle a wurin. An sa na'urar hawa, an shimfiɗa gilashi a sama don masu kallo, an ɗaura igiyar ƙarfe da matasa ke zamewa a kai suna ihu.

Muka hau. Kawu ya riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu, numfashinsa na fita da ƙara.

"Cikin sanyi muka zuba wannan," in ji shi. "Wuta muke hurawa a ganguna kada simintin ya daskare. Hannu ya tsattsage har jini." Ya nuna bakin nan da haɓa. "Can wani ɗan garin Tawa ya faɗo, ya rasu. Katakon da ya taka ƙanƙara ta lulluɓe shi. Ni ke miƙa masa bokiti. Rabin yini aka tsayar da aiki."

Akwai wani babban allo mai hotuna da tarihin wurin. Ya ce in karanta masa, don bai iya karatun boko ba. Na fassara masa sunan wanda ya zana ginin, da tsawonsa, da gwanin da ya fi kowa nisan tsalle, da shekarun da aka watsar da shi ciyawa ta cinye matakala, da yadda dusar ƙanƙara ta ragu, da gyaran da aka yi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Na je wurin wata yarinya da ke zagayawa da baƙi, na gaya mata labarin mutumin da ya faɗo, wanda ba ya cikin allon. Fuskarta ta canza. Ta ce ba ta taɓa ji ba, ta ciro biro, ta ce a ba ta sunan mutumin, za ta kai wa manyanta.

Na juyo na tambayi Kawu. Ya buɗe baki, ya tsaya. Ya sake buɗewa.

"Wata takwas muna cin abinci kwano ɗaya," ya ce. "Ɗan tsaya, yanzu sunan zai zo mini."

Yarinyar ta jira har wasu baƙi suka kira ta. A mota yana ta jero sunaye ƙasa-ƙasa, yana girgiza kai ga kowane. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da sanyi ya shigo aka kwantar da shi asibiti. Ina wurin aiki aka kira ni, na iso an riga an yi masa wanka. Bayan jana'iza na bi tsofaffin da ke fuwaye ɗaki-ɗaki ina tambaya ko wani ya san ɗan Tawa da ya faɗo daga gini a duwatsu. Duk cikinsu ba wanda ya yi aiki a can.