Babban Faranti da Ragon Suna

Shekarar da aka haifa mini ɗan fari, wani Bafulatani abokina a bayan Maikunkele ya yi mini alkawarin ragon suna, in dai zan je in ɗauko. Damina ce, hanyar duk laka da tudu. Na ari tsohon babur ɗin wana, ma'aikacin jirgin ƙasa, na kai wa makaniki.

Ya ajiye mini faranti biyu masu haƙora, irin waɗanda sarƙa ke ja a ƙafar baya.

"Malam, ƙaramin nan gudu gare shi, amma zai bar ka a laka. Babban ba ya sauri, ja kawai ya iya. Kai da ragon, wa ya fi nauyi?"

Na ce ragon, in Allah ya yarda. Ya ɗaura babban.

A dawowa, ragon na ɗaure a bayana yana kuka, wani mai keke ya wuce ni yana tambaya ko ina da saƙon da zai kai mini gida. Amma babur bai kafe ko a kwazazzabo ba. Na shiga garinmu Minna, jikina duk laka. Washegari aka yanka ragon, yaro ya samu suna.