Randar Tabawa a Mararraba

Kwana biyar ke nan ban iya zuba wa kaina ruwa a wurin wanka ba. Da na ɗaga kofi sai numfashina ya tsaya. Ranar Lahadin da ta wuce kwale-kwalen da ke fito da mu ya kife a kogin Wudil. Masunta suka tsamo mu duka, ba wanda ya rasu, mun gode Allah. Amma na sha ruwa, na ga duhun da ke ƙarƙashinsa. Tun ranar ba wanda ke faɗo mini a rai kamar kakata, Iya, wadda ta rasu ina aji uku a sakandare.

A ƙauyenmu, can bayan Indabo, gidajen Kirista kaɗan ne, amma tsakar gidan Iya na kowa ne. Lokacin kaka, da an gama cin tuwo, sai ta jawo garwashi daga murhu, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta, mu da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta kunne?" Mu ce, "Mu ne!" Ta iya Gizo, har muryarsa take yi mu yi ta birgima. Amma akwai wata da take yawan komawa kanta, mu kuwa ba ma so: labarin Tabawa.

Tabawa ɗanta ɗaya, ƙyanda ta kama shi har an fid da rai. Ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, in yaron nan ya tashi, zan kafa randa a mararraba don matafiya, ba za ta wuni ba ruwa ba muddin ina da ƙafa." Yaro ya tashi. Ta sayo randa, ta binne gindinta a inuwar tsamiya, ta ɗora moɗa. Kullum tulu uku.

Bayan shekara bakwai maciji ya sari yaron a gona, ya rasu. Da aka tashi daga zaman makoki, mata suka ce, "Tabawa, ai shi ke nan. Ya karɓi abinsa, ke ma ɗauke randarki ki huta." A nan Iya kan ajiye tsinken da take tonon wuta da shi, ta gyara zama, ta zama Tabawa sak. "Ce masa na yi in ya tashi. Ya tashi ko bai tashi ba? Shekara bakwai ina zuba wa yaron nan tuwo. Shi bai ce mini har abada ba. Ni ce na ce muddin ina da ƙafa."

Sai aka yi shekarar fari, rijiyoyi suka ƙafe, ruwa sai a wani gulbi mai nisa, hanyar kuwa ta cikin kurmi, akwai kura. Tabawa na tafe tana jin kukanta a bayan duhuwa.

Na taɓa katse ta. "Iya, ba ta jin tsoro ne?"

"Wa ya gaya miki? Rifkatu, jikinta rawa yake har ruwan na zubo mata a wuya. Rabin tulu take isowa da shi. Sai ta juye, ta koma."

Saratu, 'yar kawuna, ita ce mai neman lada. "To sai sarki ya zo ya sha, ya ba ta zinariya ko?"

"Wane sarki? Ji mai kwaɗayi! Masu jakai ne, da masu tallar nono. Wani ma ko sannu babu, ya sha ya jefar da moɗar a ƙasa."

"To ƙarshen fa?"

"Ranar da ƙafarta ta daina, ranar ta daina. Baƙuwa ta tafi. Ku tono dankalinku kafin ya zama gawayi."

Mu dai mu yi ta gunaguni. Tatsuniya ba sarki, ba aure, ba wanda aka hukunta, wace irin tatsuniya ce? Iya ta yi ta dariya, tana ɓare wa ƙananan dankali da yatsunta da ba sa jin zafi.

Shekara biyu da suka wuce aka shiga da Mama ɗakin tiyata. Ina tsaye a baranda na yi nawa wa'adin. Akwai wata 'yar unguwa a ƙetaren kogi, suna da ƙaramin coci amma ba mai koyar da yara. Na ce, "Ya Yesu, in ta fito da rai, shekara uku zan yi ina zuwa musu makarantar Lahadi." Mama ta fito. Saura shekara ɗaya. Ta gada akwai hanya, amma da damina fadama ke shanye ta, ko babur ba ya wucewa. Sai dai ruwa.

Shekaranjiya Fasto ya zo duba ni, ya ce in dakata har ruwa ya janye, Allah ya san zuciyata. Mama kuwa kuka ta sa. "Saboda ni kika yi, to ni na yafe. Allah ba mugu ba ne." Na san ba mugu ba ne. Ba tsoron hukuncinsa nake ba. Amma ba Mama na yi wa alkawarin ba, kuma lokacin da nake yi ban ce ban da damina ba.

Sai yanzu na ga abin da Iya ke yi mana. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta ƙi yi mana ƙarya, alhali da ta sa sarki a ƙarshe da mun tafa mata. Ta bar Tabawa da tsoronta, ta bar ta da rabin tulu, ta ce wannan ma cikawa ce.

Ɗazu da safe na lallaɓa zuwa bakin kogi. Na tsaya nesa, na riƙe itace. Malam Sale mai fito, wanda ya kife da mu, na toshe jirginsa da tsumma da kwalta. Shi ma idonsa ya faɗa.

"Malama, ashe za ki sake kallon ruwan nan?"

"Kallo kawai na zo, Baba."

"To kalla. Ni ma kwana biyu ban shiga ba." Ya ci gaba da aikinsa. "Yaranki sun tare ni jiya, wai ina na kai musu malamarsu. Mutum biyar zan riƙa ɗauka yanzu, ko wa zai yi fushi ya yi. Na samo rigar hana nutsewa guda biyu. Jibi Lahadi in ajiye miki wuri a tsakiyar jirgi?"

Na dubi ƙetaren, kamar an ƙara masa nisa.

"Baba, in mun kai tsakiyar kogi na yi ihu, kada ka juyo da ni."

"Ki yi ihunki, kifi ba sa kai ƙara."

Na ce masa ƙarfe bakwai.