Shekarar da wuyan tattabaruna ya murɗe

Shekarun baya aka tura ni koyarwa wata firamare a Kibiya. Iyalina suna Rano, ni kuma na kama ɗaki a gidan wani dattijo. Ban san kowa ba, sai na jera tukwane a bayan ɗakin na fara kiwon tattabaru. In na taso daga makaranta da su nake hira, har ƙarar hedimasta nake kai musu. Ta dalilinsu ma na yi abokai, 'yan'uwana masu kiwo, suna zuwa bayan la'asar.

Wata safiya na watsa gero, sai na ga ɗaya tana kai baki tana kuskure ƙwayar. Wuyanta ya murɗe, kai ya juye sama. Kashinsu ya koma ruwa-ruwa, kore. Kafin mako ya zagayo na fara tsintar gawa.

Wani abokina ya zo ya duba, ya ce, "Malam, kwashi masu lafiyar ka kai kasuwa tun da sauransu."

Na so in bi maganarsa. Amma na dubi kajin maigidana, dattijon nan, suna tsince-tsince a gindin tukwanen, na kasa. Na je na sanar da malamin dabbobi.

Da ya gani ya ce, "Wannan cuta ce mai yaɗuwa, ba ta da magani sai rigakafi. Ka kulle su, kada ka sayar, kada mai kiwo ya shigo nan. Wadda ta mutu ka binne ta da zurfi, ka wanke hannu da sabulu."

Ya zagaya unguwa ya gargaɗi kowa, ya hana kai tsuntsaye kasuwa na wani lokaci. Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Wasu tsoro, wasu haushi. Abokina ma daga nesa yake ɗago mini hannu. Ni kaɗai nake haƙa rami, ni kaɗai nake rufewa, in dawo in zauna a tsakar gida.

Kaɗan suka rayu. Cutar ba ta ƙetare katangarmu ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mini sannu.

Ban yi nadama ba, ko yau ne zan kai rahoto. Sai dai ban san yin daidai yana barin mutum shi kaɗai haka ba. Da aka mayar da ni Rano, maigidana ne kawai ya raka ni tasha. Mota za ta tashi ya leƙo taga ya ce, "Malam, na san abin da ka yi mana. Allah ya saka."